Huhun da muka jefa wa kare yana dawowa gida

Wata safiyar Talata cikin hunturu, wani maƙwabcina a Gamkalley ya shigo ɗan shagon da nake duba dabbobi, riƙe da buhun leda wanda babu komai a ciki. Mai gadi ne a gidan wani Bature can cikin gari. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka Baba nake ce masa. Bayan mun gaisa sai ya shimfiɗa buhun a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan hoton wata dabba mai dogon wutsiya da manyan ƙafafun baya.

"Likita, wace irin halitta ce wannan? Zomo ne ko gafiya?"

Na ce masa, "Baba, sunanta kangaru. A ƙasar Ostareliya take. Tsalle take yi da ƙafafun baya, kuma macen tana ɗaukar ɗanta cikin wata jaka a gaban cikinta. Namanta ne aka busar aka yi abincin kare da shi."

Ya yi dariya har da tafa hannu. Maigidansa ne ya zo da buhunan daga waje saboda karnukansa biyu. Ya tafi hutun wata biyu, abincin ya ƙare, kuma babu irinsa a kasuwa. Shi ne Baba ya samo dabara. Akwai wani mai yanka a bayan gida da ke ba shi huhu da guntayen hanta waɗanda masu saye suka ƙi, masu wasu ƙulle-ƙullen ruwa a jiki, a kan dala ashirin kacal. Abin da ya kawo shi wurina shi ne ya ji ko wannan zai ƙosar da karnukan kamar naman kangaru.

Na tambaye shi tun yaushe ya fara. Ya ce sati uku ke nan. Na ce, "Kana dafawa?"

Ya dube ni kamar na yi wauta. "Haba likita, kare ne fa."

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan aiki tun da na gama makarantar koyon aikin gona da kiwo ta Kollo, kuma na ji wannan amsa a ruga, na ji ta a kasuwar dabbobi, na ji ta a bakin mahauta. Ni kaina na taɓa yin aiki da ita. Shi ya sa nake son in yi bayanin abin da ke faruwa daga lokacin da kare ya cafe wannan huhu.

Abin da ke cikin jakar ruwa

Duk wanda ya taɓa feɗe dabba ya san abin da nake nufi. Ka buɗe cikin tsohuwar tunkiya, ko saniya, ko raƙumi, sai ka tarar da wani ƙullutu fari a cikin hanta ko huhu. Wani kamar goro, wani kamar lemu, wani ya fi haka. In ka soka masa wuƙa sai ruwa garai-garai ya tsarto. A takardunmu na Faransanci hydatidose ake rubutawa. Ni jakar ruwa nake ce mata in ina magana da makiyaya, kuma nan take suke ganewa.

Ba ruwa ne kawai a ciki ba. A ƙasan jakar akwai wani abu kamar rairayi, kuma kowace ƙwayarsa kan tsutsa ne da ke jiran ya shiga cikin kare. Jaka ɗaya tana iya ɗaukar dubbai. Idan kare ya haɗiye ta ɗanya, kawunan nan sai su maƙale a ƙaramin hanjinsa su girma su zama tsila, wata ƴar mitsitsiyar tsutsa da masana ke kira Echinococcus granulosus. Tsawonta bai wuce milimita 3 zuwa 6 ba, wato ko ƙwayar shinkafa ta fi ta. Cikin kamar sati shida sai ta fara zuba ƙwai, suna fita tare da kashin karen.

Babbar matsalar ita ce karen ba ya nuna komai. Yana iya ɗauke da dubban tsutsotsi yana cin abincinsa, yana haushi, yana bin garke lafiya lau. Ƙwan kuma ido ba ya ganinsu. Suna manne wa ciyawa, suna shiga ruwan mashaya, suna maƙalewa a gashin karen da bakinsa saboda yana lasar jikinsa. Zafin rana da bushewa suna kashe su da wuri, amma a wuri mai laima da inuwa, irin bakin kogi ko gindin rijiya, suna iya yin watanni da ransu.

Tunkiya ta ci ciyawar, ƙwan ya ƙyanƙyashe a hanjinta, ya bi jini ya sauka a hanta ko huhu, ya fara gina sabuwar jaka. Bayan shekara biyu ko uku a yanka ta, a ga jakar, a yanke, a jefa wa kare. Haka abin yake zagayawa, kuma hannun mutum ne ke miƙa shi daga wannan zango zuwa wancan.

Akwai wasu tsutsotsi biyu da ke bin wannan hanya. Ɗaya ita ce mai yin wata jaka mai siririn bango da ke reto a jikin kitsen ciki ko a gefen hanta. Ita na fi gani a awaki da tumakin da ake yankawa a nan Yamai. Ɗayar kuma a ƙwaƙwalwa take yin jakarta. Ita ce ke sa tunkiya ta karkatar da kai, ta riƙa zagaye wuri ɗaya, ta ware daga garke, har ta faɗi. Irin wannan tunkiya akan yanka ta, a ce kan ba shi da kyau, a bar wa karnuka. Ba sai makiyayi ya iya bambanta ukun ba, domin hukuncinsu ɗaya ne. Duk abin da ke da jakar ruwa bai kamata ya shiga bakin kare ɗanye ba.

Kuskuren da na yi da hannuna

A shekaruna na farko an tura ni duba nama a wata kasuwar ƙauye da ke ci mako-mako. Da asuba nake zuwa, in duba abin da aka yanka, in sa hatimi. Idan na ga jakar ruwa a hanta, sai in yanke wurin in ce sauran ya yi. Guntun da na yanke kuwa, sai in wurga shi bayan rumfa inda karnuka ke jira. Na karanta zagayen tsutsar nan a aji, na ci jarrabawa a kai. Amma babu rami, babu wuta, mahauta suna sauri, ni ma ina son in gama kafin rana ta yi zafi. A ganina na yi aikina tunda na hana mutane cin ɓataccen nama.

Bayan wasu shekaru, wani Bafulatani da nake yi wa shanunsa allurar rigakafi a wannan yanki ya nemo ni har gida a Gamkalley. Ya kawo ƴarsa mai shekara goma sha ɗaya asibiti, bai san kowa a birni ba sai ni. Yarinyar ta fi shekara tana kukan ciwo a gefen dama na ciki, tana ramewa, cikin yana tasowa. An yi maganin shawara, an yi na saifa, an sha jiƙe-jiƙe. Da aka yi mata hoton ciki, wanda muke kira eko, sai aka ga jakar ruwa a hantarta. Likitan ya nuna mini hoton, na ga abin da na saba gani a kan teburin mahauta.

An yi mata aiki, ta sha magani na watanni, kuma Allah ya ba ta lafiya. Uban ya sayar da bijimi ɗaya da karsana ɗaya kafin a gama. Ba zan iya rantsuwa cewa daga karnukan kasuwar nan ta ɗauka ba, domin rugarsu ma tana da nata karnukan. Amma tun ranar ban sake wurga wa kare ko guntun hanta ba.

Wani abu da ke ba mutane mamaki shi ne, mutum ba ya ɗaukar wannan ciwo ta hanyar cin naman. Daga kare yake ɗauka. Yaro ya shafa kare ya sa hannu a kwano, ko kare ya lashi ƙwaryar nono, ko a sha ruwan da kashinsa ya gangara ciki, ko a ci ganyen da ba a wanke da kyau ba. A jikin mutum ƙwan yakan yi abin da yake yi a jikin tunkiya. Galibi a hanta jakar ke fitowa, sai kuma huhu. Tana girma a hankali, shekara da shekaru ba tare da wata alama ba, shi ya sa wanda ya ɗauka yana yaro sai ya girma kafin a gane. In ta fashe a ciki tana iya kisa nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ciwo cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci fiye da mutum miliyan ɗaya na fama da shi a duniya, kuma kuɗin jinya da asarar dabbobi sun kai kimanin dalar Amurka biliyan 3 a shekara.

Darasi daga ƙasar kangaru

Mu koma kan buhun Baba. A Ostareliya kangaru ba dabbar kiwo ba ce. A daji take, kuma maharba masu lasisi ne ke harbo ta bisa adadin da hukuma ke ƙayyadewa kowace shekara. Wani kaso na naman mutane ke ci, wani kaso mai yawa kuma ana yin abincin karnuka da kyanwoyi da shi. Nama ne marar kitse sosai, shi ya sa masu karnuka ke son sa. Su ma suna da tasu matsalar. Likitocin dabbobi na can sun daɗe suna gargaɗi cewa wani sinadarin hana ruɓewa da ake zuba wa ɗanyen naman da ake sayarwa don dabbobin gida yana lalata bitamin B1, har dabbar ta shiga farfaɗiya idan shi kaɗai take ci.

Amma abin da ya fi shafar mu shi ne, kangaru ma tana ɗaukar wannan jakar ruwa, galibi a huhu. Tsutsar ta shiga Ostareliya ne tare da tumaki da karnukan Turawan da suka fara zama can daga 1788. Daga gonaki ta tsallaka daji, ta samu sabon zagaye tsakanin kangaru da ƴan uwanta ƙanana da kuma karen daji da ake kira dingo. Yau ko manomi ya tsabtace garkensa, idan karensa ya ci kayan cikin kangarun da aka harbe, ciwon ya dawo. Don haka shawarar da ake ba maharba da manoma a can ita ce dai wadda nake ba makiyaya a nan: kada a ba kare ɗanyen kayan ciki.

Abincin da ke cikin buhun Baba an dafa shi da wuta mai ƙarfi kafin a busar. Wannan ne ya sa ba shi da haɗari, ba don sunan dabbar ko tsadarsa ba. Huhun tunkiyar Yamai da aka tafasa da kyau ya fi ɗanyen huhun kangaru aminci sau dubu.

Ƙasashen da suka rabu da wannan ciwo ba da wata na'ura mai tsada suka yi ba. A tsibirin Ayislan, inda ciwon ya addabi mutane a ƙarni na 19, wani likita ɗan Denmak mai suna Harald Krabbe ya binciki karnuka a 1863, sannan aka buga ɗan littafinsa na bayani aka raba wa gidaje a 1864. Mutane suka daina ba karnuka kayan ciki, daga baya aka taƙaita yanka a gida, ciwon ya ɓace. Niyu Zilan ta yi doka a kan lamarin a 1959, ta yi ta ba karnuka magani tana sa ido a kan yanka, har ta bayyana cewa ta rabu da shi a 2002. Tsibirin Tasmaniya, wanda yanki ne na Ostareliya amma babu dingo a cikinsa, ya kai wannan matsayi a 1996. A nan Afirka kuwa, makiyayan Turkana a arewacin Kenya suna cikin waɗanda ciwon ya fi kamawa a duniya, saboda yadda karnuka ke rayuwa a cikin gida tare da yara. Akwai kuma allurar rigakafi ta tumaki mai suna EG95, wadda masana na Ostareliya da Niyu Zilan suka samar, ana amfani da ita a Sin da Ajantina. Kafin ta iso rugagenmu, abin da ke hannunmu shi ne wuƙa, da rami, da tukunya.

Me ya sa Gamkalley ta dame ni

Wanda ya san unguwarmu ya san cewa duk abubuwan da tsutsar nan ke bukata suna wuri ɗaya. Babbar mayankar Yamai, wadda aka gina a 1967, tana nan gefenmu a bakin kogin Isa. Majema ma tana nan. A mayanka akwai ma'aikata masu duba nama, suna ƙwace abin da bai dace ba. Damuwata tana kan yankan da ba ya bi ta can: na suna, na biki, na sadaka, da na masu yanka a ɓoye a bayan gida don gudun biyan kuɗin hatimi. A irin wannan yanka babu mai dubawa, kuma abin da aka ƙi bola ake kai shi.

Ga kuma lambunan bakin kogi, inda ake noman salati da kabeji da sauran ganye, ƙasa kullum a jiƙe, karnuka suna ratsawa dare da rana. Daga nan ne masu kiwon turke ke sayen ciyawa da ragowar ganye don ragunansu. Dattawan unguwa suna ba da labarin yadda a da ungulaye ke cika wuraren yanka, ba sa barin komai ya kwana. Yanzu sun yi ƙaranci ƙwarai a Afirka ta Yamma, har an sa ungulun da muka saba gani a gari cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa tun 2015. Tsutsar ba ta girma a cikin ungulu. Abin da ungulu ya bari yau kare ke cinyewa, shi kuwa tana girma a cikinsa.

A daji ma haka ne. Makiyayi ba ya iya rabuwa da kare. Shi ke tsare garke daga dila da ɓarawo, shi ke sanar da zuwan baƙo cikin dare. Amma da yawa ba a ba su abinci na musamman, sai abin da suka samu: mushe, mabiyiya, kan rago, huhun raƙumi. Raƙumi kuwa yana cikin dabbobin da jakarsu ta fi cika da kawunan tsutsa, saboda yana daɗewa a duniya kafin a yanka shi. Iyakar tsufan dabba, iyakar yiwuwar samun jakar a cikinta.

Asarar ba ta tsaya ga hantar da aka zubar ba. Dabbar da jakunkuna suka cika wa hanta ko huhu ba ta yin ƙiba yadda ya kamata, nononta yana raguwa, haihuwarta tana ja baya. Mai ita ba ya sanin dalili, domin ba a gane ciwon da ido a jikin dabba mai rai, kuma babu wani magani mai araha da ke narkar da jakar a cikinta. Sai ya yi ta sayen ƙwayoyi a kasuwa yana ɗura mata a banza.

Abin da za a yi ranar yanka

Da farko, a duba. Kafin a raba nama, a shafa hanta da huhu da hannu, a tsaga inda aka ji tauri. In an ga jakar ruwa kada a fasa ta a ƙasa. In jakunkunan suna da yawa, a haƙura da gaɓar baki ɗaya.

Abin da aka cire, hanya uku ce gare shi. Ko a ƙone shi ƙurmus. Ko a binne shi a rami mai zurfin aƙalla mita ɗaya, a danne da duwatsu ko ƙaya, domin kare yana tono. Ko kuma, in ana son karen ya amfana, a yayyanka ƙanana a tafasa na aƙalla minti 30, ana ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya fara tafasa. Babbaka sama-sama ba ta wadatarwa, domin wuta ba ta kai tsakiya. Shanyawa a rana ta yini ɗaya ma ba abin dogaro ba ce.

Na san abin da za a ce: itace da gawayi sun yi tsada, wa zai ɓata su a kan kare? Gaskiya ne. Amma ba sai an hura sabuwar wuta ba. A samu tsohon gwangwani a ware shi don wannan aiki, a ɗora a kan garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo. Ranar babbar salla kuwa babu uzuri ko kaɗan. Duk Yamai wuta ce ke ci a bakin titi tun hantsi har dare, raguna a soke a kan sanduna kewaye da ita. Jefa ɓataccen huhu cikin wannan wuta bai fi taku biyar ba. A ranar nan guda ana yanka dabbobi a gidaje fiye da kowace rana a shekara, kuma kusan duka ba tare da mai duba nama ba. Sati shida bayanta ne karnukan unguwa za su fara zuba ƙwai.

Kan tunkiyar da ta yi ciwon zagaye, a ƙone shi ko a binne. Mabiyiya da ɗan da aka yi ɓarinsa ma a binne, kuma kada a taɓa su da hannu tsirara, domin suna ɗauke da wasu cututtukan da ke kama mutum. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta sam, kada a bar kare ya kusance ta. A kira ma'aikacin kiwo mafi kusa.

Maganin kare

Maganin da ke kashe wannan tsutsa a cikin kare shi ne praziquantel. Ana ba da miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin karen, wato ƙwaya ɗaya mai miligiram 50 ga kare mai kilo 10, ƙwaya biyu ga mai kilo 20. A cusa a cikin loma a tabbata ya haɗiye. Inda ake yaƙi da ciwon da gaske ana maimaitawa duk sati shida, don a kashe tsutsar kafin ta fara ƙwai. In hakan bai samu ba, a yi aƙalla sau huɗu a shekara, kuma a tabbata ɗaya ya faɗo cikin wata guda bayan babbar salla.

Abubuwa biyu nake jaddadawa. Na ɗaya, allurar ivermectin da makiyaya suka saba yi wa dabbobi ba ta kashe tsila, kuma ƙwayar tsutsa ta shanu ba madadin praziquantel ba ce. A saya a kantin magungunan dabbobi da aka sani, a karanta sunan a jikin kwali. Na biyu, maganin yana kashe tsutsar amma ba ya kashe ƙwan da ke cikinta. Saboda haka a ɗaure karen kwana biyu zuwa uku bayan an ba shi, nesa da yara da dabbobi, a kwashe kashinsa da shebur a ƙone ko a binne.

Sauran kuma tsabta ce da kowa ya sani amma ake mantawa. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa kare da kafin cin abinci, musamman yara. A rufe randa da ƙwaryar nono. A ware wa kare kwanonsa. A wanke ganyen da za a ci ɗanye da ruwa mai yawa, ganye-ganye, ba tsomawa ɗaya ba. A hana karnuka kwanciya a kan harawa da kusa da kwamin shan ruwa. Kuma a ciyar da kare. Ragowar tuwo, dusa da aka dama da tsala, da dafaffen kayan ciki sun ishe shi. Karen da ya ƙoshi a gida ba ya yawan bin bola da mushe. In an zo rigakafin haukan kare, a haɗa da maganin tsutsa a yi tafiya ɗaya.

Yadda muka ƙare da Baba

Da na gama bayani Baba ya yi shiru. Sai ya ce ƙaramin jikansa yakan bi shi wurin aiki ranar Lahadi, kuma karnukan sun saba da shi har suna lasar fuskarsa. Ya ƙara da cewa ciyawar da yake ba ragunansa biyu na layya, a lambun gidan maigidan yake yanko ta, inda karnukan ke kewayawa.

Na ce masa, "Baba, Allah ya taimake ka da ka zo yau. Sati uku ka ce. Tsutsar ba ta isa yin ƙwai ba tukuna."

Da yamma na hau babur muka je gidan. Muka auna karnukan, ɗaya kilo 28, ɗaya 31, kowanne ya samu ƙwaya uku a cikin dafaffen nama. Muka ɗaure su a bayan gida, na nuna masa inda zai haƙa rami. Na ce ya maimaita bayan sati shida don a tabbata. Kuɗin maganin bai kai abin da ya kashe wajen sayen huhun a sati ukun ba.

Bai daina sayen huhu ba, kuma ban ce ya daina ba. Ya samo tsohuwar tukunya ya ajiye kusa da murhun da yake dafa shayi, kuma yanzu ba ya karɓar mai jakar ruwa. Mai yankan ya tambaye shi dalili, ya yi masa bayani iyakar abin da ya riƙe. Bayan kwana biyu sai ga mutumin a ƙofar shagona, yana tambaya ko gaskiya ne abin nan yana kama yara, domin shi ma yana da kare a gida, kuma tun yana ɗan kwikwiyo abin da yake ci ke nan. Na ce ya kawo karen gobe da safe, ya kuma kai yaransa a yi musu eko. Ya tambaye ni zurfin ramin da zai haƙa a bayan wurin yankansa, na ce ya kai masa ƙugu, ya kuma nemi murfi mai nauyi.